Kajin Gwaggo Kashiya

"A kan sikeli na ce ka ɗora ta, ba a tafin hannunka ba! Hannunka sikeli ne?"

Muryar ta fito da ƙarfinta, amma mai muryar ko miƙewa ba ta iya yi. Kashiya tana zaune a kujerar roba a bakin garejinta, ƙafafunta a kan wani kwali, sun kumbura suntum har fatar tana sheƙi. Tela, maƙwabciyarta mai ɗinki, tana durƙushe a gabanta tana ƙoƙarin zare mata silifas da ya nutse cikin naman ƙafar.

"Yaya, ki rage ihun nan, numfashinki zai ƙare."

"In ya ƙare na huta da kallon ɗanki yana auna kaza da ido."

Auta ya yi dariya, ya cusa kazar cikin bokiti, ya rataya a ƙugiyar sikelin. Shi ne ɗan Tela na ƙarshe, dogo siriri, gashin baki ya fara tsiro masa. Wata yarinya gajera mai kaifin baki, wadda duk layin ke kira Barkono, ta matso ta karanta allurar sikelin. Ita ce ma'ajin ƙungiyar yaran layin, masu kajin.

"Ba ta kai ba, Gwaggo. Da sauranta."

"To a mayar da ita. Nan da mako biyu ko uku za su cika, mai otal ya zo ya kwashe su da kuɗi masu daraja. Wanda ya sayar yau me ya yi?"

"Ya yi wa mai saye kiwo!" yaran suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan firamare.

Kashiya ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta kama cikinta. Tela ta riga ta san alamar. Ta fizgo roba daga ƙarƙashin kujera ta tara mata, ta juya bayanta ta kare ta daga idon yaran. Abin da ya fito ruwa ne kawai, mai wani irin ƙarni.

"Me kuka tsaya kallo?" Kashiya ta ce bayan ta goge baki. "Ba ku taɓa ganin tsohuwa tana amai ba? A kamo ta gaba."

Kashiya ba sunanta ba ne, aikinta ne ya bi ta. Shekaru ta yi tana biyan albashi ta wata 'yar taga a masaƙa, har ranar da aka rufe masaƙar. Mijinta ya daɗe da rasuwa, haihuwa kuma Allah bai nufa ba. Takan ce abin da ta gani ta wannan taga ya ishe ta wa'azi har ta mutu: ƙarti masu gemu suna karɓar kuɗi suna fara'a, kafin wata ya raba sun dawo suna sunkuyar da kai, a taimaka a ba su na watan gobe. Ba lalatattu ba ne, in ji ta, ba a dai taɓa koya musu ba. Da ta zauna a gida, sai ta ce manya kam sun bushe, bari ta tanƙwara ɗanye.

Haka ta tara yaran layin, maza da mata, kowace Asabar a garejin da motar mijinta ta taɓa kwana. Ba ta yi musu lacca. Ranar farko ta ce kowa ya kawo abin da zai iya, suka haɗa suka yi sabulun ruwa. Yaran suka yanka farashi da kansu, tana zaune tana kallon su. Sabulu ya ƙare tas cikin 'yan kwanaki, suka zo suna tsalle. Ta ce to madalla, a je a sayo kayan haɗi a sake. Suka je kasuwa, kuɗi suka ƙi kaiwa.

"Kwalaben da kuka zuba, daga sama suka faɗo?" ta tambaye su. "Kuɗin motar da kuka shiga fa? Sabulu kuka sayar, kwalba kuka yi kyauta. Allah ya karɓi sadakarku."

Daga ranar ta ajiye musu gwangwani uku: na uwar kuɗi, na riba, na ko-ta-kwana. "Riba 'ya ce, a ci ta a sha ruwa," takan ce. "Uwa kuwa ba a cin ta. Wanda ya ci uwa shi ya mayar da kansa maraya."

Daga sabulu suka koma wankin kafet, daga nan suka sayi injin markaɗe na hannu suka sayar da shi da riba, har gwangwanin uwa ya yi nauyin da zai ɗauki kaji. Shekara uku ke nan. Duk abin da suka tara yana cikin garejin nan, yana yawo a kan dusar katako yana tsattsagar abinci. Na ko-ta-kwana ya tafi tun lokacin da mura ta kama kajin suna 'yan tsaki.

Da farko Tela ba ta so abin ba. Katanga ɗaya ce tsakanin shagonta da garejin, kuma ba ta ga dalilin da za a tara mata yara a kunne ba. Amma a lokacin Auta ya fi ƙarfinta. Ubansa ya tafi neman kuɗi ya manta hanya, yayyensa mata suna gidajensu, shi kuma ya gano cacar ƙwallo a waya. Ta sauya wa kuɗin ɗinki maɓoya har ta gaji: aljihun keken ɗinki, cikin filo, ƙarƙashin tulin yadi, ko'ina sai ya gano. Kashiya ce ta leƙo wata rana ta same ta tana kuka a kan keke, ta ce, "Ba ni shi. Yaron da ya iya nemo kuɗi a cikin filo ai ɗan kasuwa ne, hanya ce bai samu ba."

Bayan wata shida Auta ya zauna a gefen keken uwarsa yana kallon ta tana haɗa riga.

"Mama, zare da shafi da maɓalli, wa ke saye?"

"Ni mana."

"Kuɗin wuta fa?"

"Kai, tashi ka ba ni wuri."

Bai tashi ba. Ya yi 'yan lissafe-lissafensa a bayan wani kwali, ya nuna mata cewa duk rigar yara da ta ɗinka, ita ke biyan mai rigar. Ta kai masa duka da tef ɗin awo, ya kauce yana dariya. Washegari ta ƙara kuɗin ɗinki. Tun daga lokacin ba ta sake ɓoye jakarta ba, kuma tun daga lokacin take kiran Kashiya Yaya.

Ciwon ƙodar ya daɗe yana cin Kashiya a ɓoye. Da likita ya ce sai an riƙa wanke mata jini da inji a kai a kai, ta fara zuwa, Tela na raka ta. Ɗan abin da ta ajiye ya tafi, sarƙarta ta tafi, firiji ya tafi. Ƙaninta da ke wani gari mai nisa ya aiko sau biyu, na uku ya ce a yi masa haƙuri, shi ma yara sun yi masa yawa. Daga nan ta ce ta gama.

"Rijiya ce marar gindi," ta ce wa Tela. "Kowane mako sai an zuba, kuma ba za ta cika ba. Na san faɗuwa in na gan ta."

Yaran ba kurame ba ne. A wannan Asabar ɗin, bayan an gama awo, Auta ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Gwaggo, mun yi shawara. In aka sayar da kajin nan..."

"A'a."

"Ba ki ji ƙarshen..."

"Na ji. Na ce a'a. Kajin nan ba nawa ba ne, ba kuma naka ba ne kai kaɗai. Guminku ne na shekara uku. Ma'aji!"

"Na'am, Gwaggo."

"Makulli yana hannunki. Ko ina raye ko ba na raye, kaza ba ta fita sai ta cika. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ba a kai wata Asabar ba jikin ya rikice. Tela ta shiga da safe da ruwan zafi ta same ta a ƙasa tsakanin gado da bango, idanu a buɗe, tana magana da mutanen da ba su nan. A asibiti ma haka ta yi ta yi. Ta kalli Tela kamar ba ta taɓa ganin ta ba, ta ce, "Ku bi layi, kowa zai samu. Kai mai jar hula, koma baya." Tana yi tana lasar yatsa tana ƙirga gefen zanen gado.

Likitan, wani matashi da gajiya ta cika wa ido, ya ja Tela gefe.

"Gubar ce ta hau mata kai. In an wanke, za ta dawo hayyacinta. In ba a wanke ba nan kusa, sai dai haƙuri."

"In an wanke za ta warke?"

"Za ta dawo hayyacinta," ya sake cewa.

Tela ta koma gida ta zazzage jakarta, ta kira masu ɗinkin da ke hannunta ta roƙi su biya tun kafin ta gama. Abin da ya taru ko kusa bai kai ba. Da la'asar ta aika Auta ya tattaro yaran ƙungiya a shagonta. Suka cika shi, wasu a kan benci, wasu a ƙasa cikin ƙyallaye. Ta faɗa musu abin da likita ya ce, rabin farko kawai.

"A sayar," in ji Auta.

"Ta ce kada a taɓa," in ji Barkono. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta cikin aljihun siket. "Da bakinta ta faɗa, tana cikin hankalinta. Kowa a nan ya ji."

"To kaza ta fi mutum ke nan?"

"Ban ce ba. Amma ka yi lissafi. Kajin ba su cika ba. Ko an sayar da kyau, wanki ɗaya za su biya, in an yi sa'a biyu. Mako mai zuwa fa? Me za mu sayar, sikeli?"

"Ji ta fa," wani yaro ya ce daga baya. "Mutum na mutuwa tana lissafi."

"Ita ta koya mini!" Muryar Barkono ta tsage. "Ita ta ce in zuciya ta yi zafi a bar hannu a aljihu!"

Tela ba 'yar ƙungiya ba ce, ba ta da ƙuri'a, ta kuma san dokar Kashiya cewa babba ba ya sa baki in yara na shawara. Amma hoton matar nan tana ƙirga zanen gado ya ƙi barin idonta.

"'Yata," ta ce, "kaza ana sake saye. In kika bari matar nan ta mutu makulli yana aljihunki, da wane ido za ki kalli mutanen layin nan? Da wane ido za ki kalli kanki?"

Aka ɗaga hannu. Duk suka ɗaga, ban da Barkono. Ta tsaya tana kallon su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin kumatunta, sannan ta ciro makullin ta ajiye a kan keken ɗinki, ba ta miƙa wa kowa ba.

Mai otal ya ce shi manya ya yi alkawarin saye, ba zai sa wa baƙinsa ƙashi a faranti ba. Dole Auta ya je kasuwa ya taho da wani dillalin kaji, mai tumbi da tattausar murya, da motarsa ta ɗaukar kaya. Mutumin ya shiga gareji ya ɗaga wannan, ya matsa ƙirjin waccan, ya taya. Auta ya ce albarka. Ya ƙara kaɗan. Auta ya sake cewa albarka, ya juya kamar zai rufe ƙofa, yadda aka koya masa. Dillalin ya fara sosa ƙeya, da alama zai ƙara.

Tela ce ta kasa haƙuri. Gani take kowane minti ana ja, numfashin Kashiya ne ke raguwa. Ta matso ta ce, "Bawan Allah, ka dubi girman Allah ka saya da daraja. Mai su tana kwance a asibiti rai a hannun Allah, yau ɗin nan muke son kuɗin a yi mata wankin ƙoda."

"Subhanallahi," in ji dillalin. "Allah ya ba ta lafiya." Ya sake ɗaga wata kaza, ya daɗe yana juya ta. "Ai kuwa yanzu da na duba da kyau, sun fi yadda na zata ƙanƙanta. Gaskiya tayin farko ma na yi ganganci. Kasuwa ta mutu, Hajiya. Don dai marar lafiya ne, da ba zan ɗauka ba."

Ya koma ƙasa da inda ya fara. Auta ya kalli uwarsa, kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, sannan ya kalli rana da ta fara sunkuyawa.

"Kawo," ya ce.

Aka yi ta kama su ana ɗaure ƙafafu ana jefawa a mota. Yaran da suka yi ta raino tun suna 'yan tsaki su suka yi lodin.

An yi wankin. Washegari da hantsi Tela ta shiga ɗakin marasa lafiya da Auta, Barkono na biye da su daga nesa, suka tarar Kashiya a zaune an jingina ta da filo. Fuskar ta saɓe, idon ya dawo nata.

"Maman Auta," ta ce. "Kin rame. Wa ya mutu?"

Tela ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta kama hannunta. Kashiya ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta kalli bandejin da ke wuyanta, ta kalli yaran.

"Wa ya biya?"

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanina ba shi da shi. Ke ba ki da shi. Ma'aji, ina makulli?"

Barkono ta sunkuyar da kai.

Kashiya ta rufe ido. Ta daɗe a haka, har Tela ta zaci barci ne ya ɗauke ta. Da ta buɗe, ba ta yi ihu ba, kuma rashin ihun ya fi ihun ciwo.

"Nawa?"

Auta ya faɗa.

"Duka?"

"Duka, Gwaggo."

"Ko kuɗin abincin da suka ci bai fito ba." Ta numfasa. "Wa ya yi cinikin?"

"Ni ne."

"Kai ba ka sayarwa haka. Na ga cinikinka, ka fi ƙuda naci. Me ya faru?"

Auta ya kafa wa tayil ido.

"Wani ya gaya masa ana sauri," in ji Kashiya. "Ko ba haka ba?"

"Ni ce, Yaya," Tela ta ce. "Na zaci zai tausaya."

"Ya tausaya mana. Ya tausaya wa aljihunsa." Ta juya ga yaran. "Ku matso. Tunda kun biya kuɗin makaranta mai tsada haka, gara ku tafi da karatun. In dole ta sa za ku sayar, dillali nawa ake kira?"

"Fiye da ɗaya," Barkono ta ce a hankali.

"A lokaci guda, su ga juna. Kuma a raba kayan, kada a ba mutum ɗaya duka. Mai saye kuma me ba a nuna masa?"

"Yunwa," in ji Auta.

"To. Ragowar fa?"

Akwai ɗan abin da ya rage, wanda ba zai kai ko rabin wani wankin ba. Ta ce a mayar da shi gwangwanin uwa, ko sisi kada a sayo mata lemo da shi. Ta miƙa hannu ta kamo na Barkono.

"Ke kaɗai?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Da zafi, ko? Haka yake." Ta sake ta. Ta kalli Auta, wanda ke goge hanci da bayan hannu. "Kai kuma daina. Ban ce ba ka da zuciya ba. Ciniki na ce ka ɓata."

Aka sallame ta bayan kwana biyu, don babu abin da za a ƙara yi mata. Da mota ta sauke su a ƙofar gida, Kashiya ta kau da kai daga garejin, ta bi bango ta shige ɗaki.

Tela ta rufe shago ta koma can da zama. Ciwon ya zo da ƙaiƙayi, irin wanda ke hana mutum sakat, har Kashiya ta yayyage fatar hannuwanta. Tela ta yanke mata farce, ta samo babban matsefi tana sosa mata baya da shi a hankali. Yawancin yini haka suke, ɗaya a kwance ta juya wa ɗaya baya.

A haka ne wata rana Kashiya ta ce, fuskarta na kallon bango, "Shekara uku na yi ina gina abin nan."

Tela ta ci gaba da susa.

"Ban haifa ba, ban gina gida ba, wannan ɗin ma na gado ne. Abin da na ce zan bari ke nan. Kin ɗauka kin sayo mini mako guda da shi. Mako guda na ƙaiƙayi."

"Da in zuba ido ki mutu kina ƙirga zanen gado?" Tela ta ji zuciyarta ta taso. "Ba ki san ni ba, Yaya. Kallona kike kina ce mini mai jar hula."

"Da na mutu ban sani ba. Yanzu zan mutu ina sane."

Matsefin ya tsaya a hannun Tela. Ta so ta ce ko yau aka sake, haka za ta yi. Ta so kuma ta ce a yafe mata. Ba ta san wanne ne gaskiya ba, sai hawaye ke ta ɗiga a kan zanen gado.

"Wa ya ce ki tsaya?" in ji Kashiya. "Can ƙasa, wajen kafaɗar hagu. Yawwa. Hannunki ya fi bakinki amfani."

Ba su sake tayar da maganar ba.

Kumburin ya dawo, ya haura har ciki. Ta daina karɓar abinci, sai ruwa a cokali. Yaran sukan zo su tsaya a bakin ƙofa su gaishe ta, wani lokaci ta gane su, wani lokaci ta ce su bi layi. Ranar da abin zai faru, da safe ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gado. Tela ta goge mata jiki da tsumma mai ɗumi, ta sauya mata riga, ta juya ta, ta ɗauki matsefi. A waje mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa. Tana cikin susar ta lura bayan ya daina ɗagawa. Ta ci gaba da sosawa, sau uku ko huɗu, kafin ta ajiye matsefin ta kira sunan Allah.

Mutane sun taru wajen jana'iza fiye da yadda Tela ta zata. Har da wasu tsofaffi da ba a san su a layin ba, suka ce tare suka yi aiki a masaƙa. Ƙanin ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya zauna ya yi kukansa, ya yi wa Tela godiya har ta ji kunya. Kafin ya koma ya ce zai sa 'yan haya a gidan, da garejin duka, don haka a taimaka a kwashe kayan yara.

Ƙungiyar ta fara zubewa tun kafin a share wurin. Wani uba ya tare Tela a hanya ya ce shi dama ya san ƙarshen abin ke nan, an sa yara wahalar banza. Wata uwa ta hana 'yarta zuwa. Waɗanda suka ɗaga hannu suna jin nauyin Barkono, ita kuma ba ta kallon kowa. Ko gaisuwar da take yi wa Tela ta koma ta fatar baki. Auta ya rage magana. Sau biyu Tela ta shigo ta gan shi ya ƙura wa waya ido, ya kife ta da sauri. Ba ta tambaya ba. Da za ta fita sai ta tsinci kanta tana ɗaukar jakarta tana ratayawa, ko da bayan gida za ta.

Ranar kwashe kaya mutum biyar suka zo. Suka kankare dusar katakon da ta daskare a siminti, suka loda a buhuna, suka ɓalle katakai da ragar da aka kewaye kajin da ita. Tela tana jin ƙarar guduma daga shago, ta kasa zura zare a allura. Can ta ji shiru. Ta leƙa ta gan su tsaye a titi, kaya jibge a gabansu: katakai, raga a naɗe, mazuban ruwa, sikeli. Barkono na rungume da gwangwanayen a ƙirji.

"A sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tarkace kawai," wani ya ce. "A raba, kowa ya huta."

"Yau?" in ji Barkono. "Kaya a titi, kowa na ganin ba mu da wurin ajiya?"

Ba da Auta take ba, amma shi ya amsa, idonsa a kan katakan. "Ba a sayarwa yau."

"To ina za a kai?" wani ya tambaya.

Tela ta koma ciki. Tsakar gidanta ƙarami ne, igiyar shanya ta ratsa shi daga taga zuwa bango, wankin safe na rataye bai gama bushewa ba. Ta tsaya tana kallon sa. Sannan ta sauke kayan ɗaya bayan ɗaya ta ɗora a kafaɗa, ta kwance igiyar, ta buɗe ƙofar gida duka biyu.

"Ku shigo da su," ta ce. "Ku bi a hankali, kada ku fasa mini randa."

Suka shigo da su suka jingina a bango. Barkono ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai shawara, sannan ta wuce da gwangwanayenta gida, ba ta bar su ba. Sauran suka watse. Auta ya wanke hannu ya fita bai ce inda za shi ba.

Tela ta zauna a bakin ɗaki, jiƙaƙƙen wanki a cinyarta, ba ta da inda za ta shanya. Katakan sun cinye rabin tsakar gidan, suna ta warin kaji. A jikin ragar wani ɗan farin gashi ya maƙale, iska na kaɗa shi kaɗan-kaɗan.